Ina Jinkirta Busa Usur Don Kada Mijina Ya Karaya

Goggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, na rasa tudun dafawa. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa. In kika ga ina zagaye-zagaye ki yi haƙuri, wata uku ke nan barci bai ishe ni ba.

Maigidana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, da shi muke ci. Amma in kika tambaye shi sana'arsa, alƙalin wasan ƙwallo zai ce miki. Shekara goma sha tara yana busa usur duk ƙarshen mako, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Alƙali yake ce masa, har mahaifiyarsa. Ni ma da usur ɗin na same shi, kuma ban taɓa ƙorafi ba, don na san in aka raba shi da fili an raba shi da rabin ransa.

Duk shekara ana yi musu gwajin gudu kafin a sa sunan mutum cikin masu alƙalanci. Ana ajiye alama biyu, tsakaninsu mita saba'in da biyar. Lasifika ta yi ƙara ka ruga, kafin ta sake yin ƙara bayan sakan goma sha biyar dole ƙafarka ta taka ɗaya alamar. Ka ɗan taka a hankali ka sha iska, a sake. Haka har sau arba'in. Bara a na talatin da ɗaya ya tsaya ya dafa gwiwa, aka fitar da shi a gaban yaran da shi ya koya musu aikin. Shekararsa arba'in da uku. An gaya masa in ya sake faɗuwa bana, shi ke nan, sai kallo daga benci. Yau saura kwana ashirin da huɗu.

Yana da wani aboki mai ɗaga tuta a gefen fili, siriri kamar sandar tutar tasa, Allah Ya sa ba gulma na yi ba. Tun da aka haife shi bai taɓa ƙiba ba, amma ya fi kowa sanin maganinta. Shi ya ce wa maigidana tumbi ne ya kayar da shi. Daga ranar aka yi sallama da shinkafa da burodi da taliya da dankali, ko ayaba wai sukari ce. Dafaffen ƙwai biyu, ganye, ɗan kifi, shayi ba sukari, abincin mutumin da ke wuni yana hawa tsani da kwampireso, injin na'urar sanyi, a kafaɗa ke nan. Sai kuma leda. Babbar ledar shara yake huda wa wuya da hannuwa ya sa a ƙarƙashin riga, wai don kitse ya narke. Gudun ma ciki ba komai yake yinsa, ruwa kuma sai ya dawo ya hau sikeli ya ga abin da ya ragu tukuna. Daga kilo tamanin da huɗu ya dawo saba'in da biyar, wandunansa duk na rage musu ƙugu.

Ni ce mai riƙe masa agogo. Da an idar da sallar asuba mu tafi filin makarantar da ke bayan layinmu, in zauna a kan wata tsohuwar taya, waya a hannu, usur ɗinsa a bakina, ni ce lasifikar. Mu dawo in yi wa yara uku wanka, in dafa abin kari, in ruga makarantar da nake koyar da ƙananan yara, in wuni ina tsalle da waƙa alhali idona kamar an zuba barkono. Duk wannan ban damu ba. Ga abin da ke cina.

Makonnin farko da gaske ya ƙara sauri, har na fara ganin mai tuta da mutunci. Daga mako na biyar abu ya juya. Wata safiya a gudu na ashirin da biyu agogo ya cika goma sha biyar, shi kuma saura masa taku biyu. Na ga fuskarsa, bakin nan a buɗe, ido ya faɗa, sai na tuna yadda ya yi mako guda bara ba ya magana da kowa. Wallahi ban shirya ba, numfashina kawai na riƙe, sai da ƙafarsa ta taka alamar na busa. Sakan ɗaya ne. Na ce wa kaina yau kaɗai.

Goggo, yanzu sakan uku nake ƙara masa, wani lokaci huɗu. Jiya a na ƙarshe-ƙarshen har biyar ta kusa. Ya gama arba'in ɗinsa ya zube a ciyawa yana dariya, ledar nan tana ɗigar da gumi, ya ce min, "Ke ce sa'ata. In ke ke riƙe da agogo, ƙafata ba ta nauyi." Na juya na yi kamar ina gyara mayafi don kada ya ga hawayena.

Kuma jikin nasa kullum baya yake yi. Mutumin da a da fanka ba ta isarsa, yanzu da bargo yake kwana. Mura ta tafi ta dawo sau uku. Jijiyar ƙafa tana ɗaure masa yana zaune. Abu kaɗan ya hau yara da faɗa, shi da ko tsawa ba ya yi. Abin da ke tsakanin miji da mata ma, ki gafarce ni, ya zama tarihi. Makon jiya abokin aikinsa ya tare ni a bakin hanya ya ce in sa ido, wai suna ɗaura na'ura a hawa na biyu idonsa ya rufe, ya rungume tsani ya fi minti biyar kafin ya iya saukowa. Ni ko uffan bai ce min ba.

Na roƙe shi ya ci abinci, na yi fushi, na yi lallashi, na zuba shinkafa na ajiye a gabansa ta huce. Amsarsa ɗaya ce, agogo ba ya ƙarya, tunda yana cika arba'in to tsarin yana aiki. Kin ga da hannuna na ɗaure bakina. Shekaranjiya ma ƙwai ɗaya ya rage, wai don ya ƙara sauƙi kafin ranar. Har wasu matasan alƙalai biyu ya koya wa sa leda, yana ba su misali da kansa.

Yayata na gaya wa, ta ce in rufa wa kaina asiri, namiji ba ya son a taɓa masa girma, in yi ta addu'a kawai. Wani lokaci in ce gobe zan busa daidai in yi shiru, ya ɗauka ranar ce ba ta yi kyau ba. Wani lokaci in ce zan laƙa wa wayar laifi. Mutumin nan an zage shi a fili, an jefe shi da robar ruwa, an biyo shi har gida ana roƙo, bai taɓa canza hukunci ba. Yaranmu ma abin da yake gaya musu kullum, komai zai yafe ban da maguɗi. To yaya zan kalle shi in ce matarsa ce ke yi masa maguɗi wata biyu? In na faɗa, ina tsoron ya karaya ya fasa gwajin, ya kuma daina yarda da ni. In na yi shiru, ina tsoron ya faɗi a fili, ko ya faɗo daga tsani. Na gaji, Goggo, gajiyar da barci ba ya maganinta. Me zan yi?

Taki,
Mai riƙe da agogo

AMSA

'Yata Mai riƙe da agogo, sannu da ɗawainiya. Matar da ke zama kan taya da asuba don burin mijinta ba muguwa ba ce, wannan ki ajiye shi gefe. Tausayi ne ya sa kika riƙe numfashi ranar farko. Amma ba zan ɓoye miki ba, tausayin nan ya ƙwace masa abu ɗaya da zai nuna masa ya ɓata hanya. Da ya ga lokacinsa na lalacewa tun mako na biyar, da shi da kansa ya tuhumi ledar.

Shi ma ba wauta ce zalla ya yi ba. Rage ɗan nauyi yana taimakon mai gudu, shi ya sa kika ga sauri da farko. Inda ya kauce shi ne ya ɗauki tsarin da ko mai zaman ofis zai sha wuya da shi, ya ɗora wa jikin da ke aiki biyu. Jiki yana ajiye ƙarfin da yake samu daga shinkafa da burodi da dankali a cikin tsoka da hanta, kuma ma'ajiyar ƙarama ce, kullum sai an sake cika ta. Gudu mai sauri irin na gwajinsu daga nan yake sha. Kitse kamar gawayi yake, yana daɗewa amma ba ya kamawa da wuri, ba ya iya biyan buƙatar sakan goma sha biyar sau arba'in. In abinci ya gaza na tsawon lokaci, jiki sai ya fara cin tsokarsa, ya rage wa sauran ayyuka wuta. Jin sanyin, da murar, da saurin fushin, da abin da kika ce ya zama tarihi, duk suna iya fitowa daga nan. Leda kuwa ruwa take fitarwa, ba kitse ba. Abin da yake gani ya ragu a sikeli bayan gudu, kofi biyu-uku na ruwa zai mayar da shi, kafin nan kuma zuciyarsa ce ke shan wahala. Mutane sun sume saboda ita, wasu ba su tashi ba.

Ki gaya masa, yau ba gobe ba. Yayarki don ƙauna ta yi magana, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, lasifika ba ta san fuskar kowa ba. Kada ki busa daidai ki yi shiru, kada ki laƙa wa waya, ƙarya ce a kan ƙarya, kuma zai iya cewa yunwar ce ba ta isa ba ya ƙara rage abinci. Ba a fili ba, ba a gaban yara ba. Ki zaunar da shi a ɗaki, ki faɗi ranar da kika fara, da sakan nawa kike ƙarawa yanzu, da abin da ya sa, ki ba shi haƙuri ba tare da kare kai ba. Zai ji zafi, mai yiwuwa ya yi kwana biyu ba ya kallonki. Ki bar shi, haƙƙinsa ne. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana yanke hukunci ya san bambancin wanda ya zo da kansa ya faɗi laifinsa da wanda aka kama.

Bayan nan, asibiti kafin fili. Wanda idonsa ya rufe a kan tsani sai likita ya duba jininsa da bugun zuciyarsa, kuma a gaya wa likitan komai, har ledar. In likita ya ce a dakata, a dakata. Ledar ta koma aikinta na shara, shi kuma ya kira matasan nan biyu ya warware abin da ya koya musu.

In an ba shi izini, abinci ya dawo sau uku a rana, kowanne da shinkafa ko taliya ko dankali ko burodi, tare da wake ko ƙwai ko kifi. Kafin gudu ayaba ko yankan burodi da shayi mai ɗan sukari, bayan gudu kada awa guda ta wuce bai ci ba. Ruwa kafin, da tsakani, da bayan gudu, har fitsarinsa ya daina yin duhu. Zai ga kilo ɗaya ko biyu sun dawo cikin kwanaki, ki gaya masa tun yanzu ma'ajiyar ce ke cika da ruwanta, ba tumbi ba ne. Gudu mai tsanani kwana uku a mako ya isa, sauran hutu ko tafiya, makon ƙarshe kuma a sassauta sosai. A sa ƙarar gwajin a waya ta riƙa yi da kanta, ke ki fita daga aikin lasifika. A ranakun hutunsa ki yi barcinki, ke ma jiki gare ki.

Ba zan yi miki alkawarin zai ci gwajin ba. Jikin da aka ciyar aka hutar yakan farfaɗo cikin mako biyu zuwa uku fiye da yadda ake zato, amma wata uku na yunwa ba wasa ba ne. Abin da na sani shi ne a yadda yake yanzu ba shi da hanya ko kaɗan, da gaskiya kuma yana da 'yar hanya. In ma usur ɗin ya kuɓuce, fili yana buƙatar mai koyar da sababbi, yaranki kuwa ba su da wani uban.

Kowace safiya kika ƙara yin shiru, kwana ɗaya kika cire daga cikin ashirin da huɗun da suka rage masa, kuma nasa ne, ba naki ba. Ki mayar masa da su tun suna da amfani. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya sanyaya tasa, Ya ba shi lafiya da abin da ya fi alheri.

Goggonku