Digirin Fasassun Tukwane

Autata,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Babanki? Ni lafiya lau, hannuwana ne kawai wanke-wanke ya tsattsage, ba wani abu ba ne.

Da na ji jami'a ta ɗauke ki karatun kimiyyar haƙo kayan tarihi, ihun murna na yi a kicin ɗin gidan abincin nan, har faranti ya suɓuce mini ya fashe! Maigidan ya hau faɗa, na ce ya adana wa 'yata ɓaraguzan.

Kawunki ya ce wai ki canza fanni, tonon kabari ne. Ba za ki canza ba. Amma ki ji ni da kyau: duk ƙashin da kika tono, mai shi uwa ce ta haife shi. Da hannu biyu za ki ɗauka.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki