Haɗin Malam Sabo

Tsanyawa, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Abdulkabir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya Fauziyya da yaran? Allah ya sa lafiya lau.

Yaya, a waya na kasa gaya maka komai sai kuka. Baba yana asibiti a Kano, ana masa wankin ƙoda. Ka tuna maganin rage kitsen jini da likita ya ɗora shi a kai bayan Sallah? Ana shiga noman farko cinyoyinsa suka fara ciwo, muka ce gajiya ce. Kullum sai in karɓo masa haɗi a kemis ɗin Malam Sabo, ƙwayoyi biyar a ƙulle a leda, babu mai suna. Sati uku ana haka. Ranar Asabar ya faɗi a gona, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi. Likita ya ce maganin kitsen ne ya taɓa naman jikinsa, ciwon kuma gargaɗi ne a koma asibiti. Mu kuwa muka danne shi da ƙwayoyin ciwon jiki, suka ƙarasa ƙodar.

Ƙaninka Zaharaddini na jin haka ya hawo mota. Ranar kasuwa ce. Ya finciko Malam Sabo daga bayan kanta, ya buga masa kai da ƙofar ƙarfe har sau uku. Ya danne hannunsa na dama a benci, ya yi ta lafta masa ƙotar fartanya, wai hannun da ya ƙulla haɗin ba zai sake ƙulla wani ba. Ina tsaye. Na ji karyewar ƙashi da kunnena, na ga haƙora biyu a ƙasa cikin ƙwayoyin da suka watse. Mutane suka yi cirko-cirko, wasu har da ƙara masa jifa.

Yanzu Zaharaddini na hannun 'yan sanda, Malam Sabo na kwance. Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Huseina

Tsanyawa, ranar Alhamis

Yaya Abdulkabir,

Ina gaishe ka, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kafin ka hau mota. Fauziyya ta bugo mini, ta ce ka rantse gobe sai ka ƙarasa abin da Zaharaddini ya fara, har adda ka saka a jaka.

To saurara. Ka san Baba. Mutumin da shekara talatin shi ke jan gaba a gayya, ya ce in gari ya ji yana haɗiyar maganin 'yan birni kullum, ya gama tsufa. A bakin rumbu yake ɓoye kwalin. Ya sa na yi alkawarin ba wanda zai ji a gari daga bakina.

Ranar da na fara zuwa kemis ɗin, Malam Sabo ya tambaye ni ko Baba yana shan wani magani. Na ce a'a. A sati na biyu ya sake tambaya, ya ce ciwon nan ya daɗe, a kai shi asibiti. Na ce masa haɗi na zo karɓa, ba wa'azi ba.

Jiya na leƙa shi. Fuskarsa ta kumbura har ban gane shi ba, an ce yatsu uku ba za su sake lanƙwasuwa ba. 'Yan sanda sun tambaye shi yadda aka yi, bai ambaci sunana ba. Da ya gan ni, jikin Baba ya tambaya. Wallahi da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Gobe da safe zan je ofishin 'yan sanda in faɗa da bakina. In ka iso da addarka, kada ka wahalar da kanka wajen neman gadon da yake kwance. Ɗakina yana nan inda ka san shi.

Ƙanwarka,
Huseina