Kalmar da ta hana ki zuwa Gumel

Gumel,
Alhamis, 14 ga Satumba, 1995.

Zuwa ga jikata Rakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, Allah ya sa haka, amin. Yau na tashi da ɗan dama, na sha koko, sai dai ƙafafun har yanzu a kumbure suke. Gwaggonki Talatu ta zo daga Gagarawa, ta ce gero ya yi kyau bana.

Amaryata, kawunki Manu ya gaya mini jarrabawarki ba ta yi kyau ba, wai kin ce ba ki da idon da za ki dube ni da irin wannan rizal. Duk da haka ya yi alkawari zai sa ki a mota ki iso yau, shi ya sa nake rubutu a bakin zaure, ina duban hanya.

Bari tsohon mijinki ya ba ki labarin kalmar nan da ta tsorata ki. Turawa suna rubuta ta result, ma'anarta sakamako, abin da aiki ya haifar. Ranar da na faɗi lissafi a makarantar Midil ta Kano, ina kuka, malaminmu ya ce asalinta daga harshen Latin ne, tana nufin abin da ya yi tsalle ya dawo, kamar ƙwallon da aka jefa a bango. Ya ce abin da ya dawo hannunka kuwa ana sake jefa shi. Na sake, na ci. Ko kakarki, Allah ya jiƙanta, ban taɓa gaya mata na faɗi ba.

Da kalmar nan Sista Keziya ta asibiti ta tare ni ranar Litinin, ta ce na jinina ya fito. Ta daɗe tana juya takardar kafin ta yi magana. Nawa ba a sake shi, Rakiyya, naki kuwa ana sakewa baɗi. Ni ba takarda nake son gani ba, fuskarki nake so. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ki gaishe da Manu da Adda Kyauta da yaran Kaduna duka.

Naki har kullum,
Kakanki Ishaƙ.

Motar ƙarshe daga Kano ta sauke mutane, ba ki ciki. Farfesun zabon da na sa aka yi miki na aika wa maƙwabta. Akwai saura zabo ɗaya, na ce kada a taɓa shi.