Takardun Mutum Tara A Akwatin Kawuna

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kwana goma ke nan abinci ba ya yi mini daɗi. Ki ɓoye sunana.

Ina aiki a ofishin kawuna, yayan mahaifiyata. Kamfaninsa na kwashe kayan masu sauya gida ne, manyan motoci huɗu gare shi. Ni nake ɗaukar waya, ni nake rubuta wa za a kwashe wa kaya da ranar. Shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ya sa ni a makaranta, har yau mahaifiyata a gidansa take. Na faɗi wannan ne don kada ki ɗauke ni butulu.

Bara da aiki ya yi yawa, wani ɗan kwangila ya kawo mana 'yan dako tara daga nesa. A ɗakin bayan sito suke kwana, inda muke tara kwalaye. Na sha ganin kwaɗo a ƙofar ta waje in na zo da safe, na ce a raina ko don ɓarayi ne. Ban taɓa biyansu da hannuna ba, ɗan kwangilar ake ba wa kuɗin. Ban tambaya ba, Gwaggo, wannan ma yana cina.

Akwai babbansu, muna ce masa Baba Dogo. Ya yi furfura, ga barkwanci, ko madubi zai naɗe da bargo sai ya ce a yi a hankali kada jaririya ta farka. Makon jiya suna sauko da firiji daga hawa na huɗu, igiya ta suɓuce, firijin ya matse masa hannu da bango. Direba ya ce mini ɗan kwangilar tsumma ya ɗaure masa, ya naɗe da salatif ɗin liƙe kwali. Washegari na gan shi a bayan mota za a fita aiki, yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi.

Da na kai masa ruwa, ya sunkuyar da kai ya kira ni 'yarsa, ya roƙe ni in nemo masa takardunsa. Ya ce tun ranar da suka zo aka karɓe fasfo da wayoyinsu, wata bakwai bai ji muryar matarsa ba, kuma ba lafiya ya baro ta. Ya ce shi ba faɗa yake nema ba, gida kawai yake so.

Na buɗe akwatin ƙarfen ofis, sai ga fasfo ɗin a ambulan, tara cif, an ɗaure da roba. Na yi wa Kawu magana, ya ce ba ma'aikatansa ba ne, ajiya aka ba shi, kuma mutumin da ke shiga har ɗakin kwanan jama'a dole a riƙe wani abu nasa don kada ya yi sata ya gudu. Da na ƙara, ya ce yaushe na yi girman da zan koya masa sana'a. Mahaifiyata ta ce in rufa mata asiri in yi shiru.

Makullin akwatin yana jakata. Wani lokaci in ji kamar in ɗauko takardun in miƙa wa Baba Dogo a ɓoye, wani lokaci in ce wace ce ni da zan tona asirin wanda ya rufa mana. Me zan yi?

Mai riƙe da makulli.

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Bari in kira abin da sunansa: mutumin da aka karɓe wa takardu da waya, ake kulle shi ta waje, wani ke karɓar ladan guminsa, kuma ba shi da ikon cewa ya bari, ba aiki yake yi ba, bauta yake yi.

Ban ce kawunki mugu ba ne. Tsoron sata gaskiya ne a sana'arsa, kuma mai yiwuwa ya ga sauƙi ne ya kau da kai. Amma kwafin takarda da mai tsaya wa mutum sun isa maganin wannan tsoro. Ɗakin nasa ne, akwatin nasa ne. Ranar da abin ya fashe, ɗan kwangila zai ɓace, kawunki za a samu a zaune.

Hannun Baba Dogo shi ne farko. Yatsun da suka yi baƙi ba sa jira, a kai shi asibiti yau. Ki ce wa kawunki a motarsa aka ji rauni, kuma in hannun ya ruɓe a kansa zai ƙare. Wannan zai ji.

Kada ki ɗauki takardun a ɓoye. Za a iya laƙa muku sata ke da Baba Dogo, a huce a kan takwas ɗin da suka rage. Ki ɗauki hotonsu, da na kwaɗon, ki rubuta ranaku da abin da direba ya gani. Ki tambayi Baba Dogo lambar gidansu, ki ara masa wayarki. Sannan ki je wurin hukumar kula da ƙwadago ko lauyan da ke taimakon ma'aikata, ki nemi shawara a asirce. Kada ɗan kwangilar ya ji ƙishin-ƙishin, don zai iya kwashe su ya kai inda ba za ki ƙara jin labarinsu ba.

Da wannan a hannu, ki sami dattijon da kawunki yake jin kunyarsa, ku zauna da shi cikin ladabi. A mayar wa kowa takardunsa da wayarsa, a cire kwaɗo, mai son tafiya ya tafi da haƙƙinsa, mai son zama kawunki ya ɗauke shi aiki kai tsaye, albashi a hannunsa. Ki ba shi kwanaki kaɗan, ba watanni ba. In ya ƙi, ki bar hukuma ta yi aikinta.

Ba zan ruɗe ki ba, zai iya yin fushi, har ki rasa aikin. Ki fara neman madafa, ki kuma lallashi mahaifiyarki, tsoro ne ya sa ta faɗi haka. Riƙon da ya yi miki alheri ne babba, amma ba da 'yancin mutum tara za ki rama shi ba. Hana shi zalunci ma biyayya ce.

Allah ya ba Baba Dogo lafiya, ya sada shi da iyalinsa, ke kuma ya ƙarfafa miki zuciya. Ki tashi, 'yata, ki fara da asibiti.

Gwaggonku.