Haƙoranka Biyu Masu Lafiya

Aminullahi, sanyin idona, inuwata a zafin Gwagwalada,

Jiya a kasuwar Zuba na haɗu da matar Philip, abokin aikinka, tana zaɓen lemo. Cikin hira ta ce wai masu zama a tasharku ta ƙarshen kudancin duniya har ƙarshen hunturu su ake cire wa haƙoran ƙurya tun suna gida, don in jirgin ƙarshe ya tashi babu asibiti sai bayan wata takwas. Wallahi ledar hannuna sai da ta faɗi.

Haba masoyi! Ka tuna watan Nuwamba? Ka riƙe kunci ka ce ciwo ya hana ka sukuni. Ni na raka ka aka cire biyu, ni na yi mako ina dama maka kunun gyaɗa, ina hura shi kamar na jariri. Ashe tun lokacin ka sa hannu za ka yi hunturun a can, ni kuwa ina ta zaɓen ankon bikinmu na Yuni!

Ka ce min radarku sandunan ƙarfe ne a kafe cikin ƙanƙara, suna aika saƙo sama, ya bugi sawun taurari masu faɗuwa ya dawo, ku gane inda iskar can ƙololuwa ta nufa. Na yi alfahari, har ɗalibaina na ba labari. Amma iskar ƙasa fa? Matar ta ce bara guguwa ta karya sanduna uku, mai gyara ya fita da igiya a ƙugu cikin duhun da rana ba ta ketowa, ya koma babu yatsu biyu. Wa zai fita bana in ba kai mai gyaransu ba? Wa zai riƙe maka igiyar?

Ina jin tsoro, Aminullahi, tsoro ƙwarai. Saura kwana tara jirgin ya tashi. Don Allah ka hau shi. Iskar nan tana kaɗawa tun kafin a haife mu, ba za ta tsaya don ka dawo gida ba.

In ka zauna ma zan jira, na rantse, ko bikin zai kai baɗi. Sai dai ka daina ce min ciwo ne. Haƙoran suna wurina cikin kwalba. Yau na duba su a rana, babu kogo ko ɗaya.

Taka, ko ka hau jirgin ko ba ka hau ba,
Bara'atu