Kwalaben Ƙasan Kwali

Zuwa ga Alhaji Mai Sito,

Assalamu alaikum. Ina neman afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, ni da ko gaishe ka ba na iyawa sai kaina a sunkuye. Ni ce 'yar Mai Kemis na bakin tasha, wadda kake tsokana da 'Yar Boko. Baba bai san na rubuto ba.

Shekara goma sha tara kana aiko masa da magani, bai taɓa buɗe kwali a gaban direbanka ba. Ya ce yin haka tamkar kiran ka ɓarawo ne. Ranar Asabar ina jera maganin zazzaɓin yara, sai na ga kwalaben sama suna da sauran shekara biyu, na ƙasa kuwa saura sati uku su lalace. Da Baba ya mayar, akawunka ya ce a gaban mutane wai Baba ne ya cusa tsofaffin kayansa, kuma an daina ba mu kaya. Tun ranar ta bayan layi Baba yake bi.

Lambar jikin kwalaben ita ce a takardar da kuka haɗo da kayan. Na kwafo ta a ƙasa. Ubana ba maƙaryaci ba ne.

Ka huta lafiya,
'Yar Mai Kemis

*

'Yar Boko,

Wa alaikumus salam. Rubutu kamar na inji, kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa ba! Na duba lambar. Kuskuren masu ɗaure kaya ne. Gobe za a sauya wa babanki, har da kyautar kwali guda, mu ci gaba kamar da. Amma maganar ta mutu a nan, kada sauran masu kemis su ji. Ke kuma ki riƙe littafinki, wannan harkar manya ce.

Ki gaida gida,
Alhaji

*

Zuwa ga Alhaji,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na karanta wa Baba wasiƙarka. Ya yi mini faɗa har na yi kuka, sannan ya ce, "Ɗauko biron naki."

Ya ce ba ya son kyautar. Abin da yake so shi ne akawu ya wanke shi a gaban mutanen da ya ƙaryata shi a gabansu. Shiru kuma ba zai yiwu ba, domin motarka ta sauke kaya a kemis biyar ranar nan, kuma yau Baba ya zagaya su ta bakin titi. Biyu sun zazzage kwalayensu, sun tarar da irin namu. Mai kemis na uku, Gwaggo Mai Tabarau, har ta sayar da kwalba shida, tana bin gida gida tana karɓowa.

Idan ka yanke mana kaya, mun ji. Idan ka aiko, Baba ya rataye 'yar wuƙa a bakin ƙofa, da ita zai buɗe kwali a gaban direba.

Saura kemis biyu ba su duba ba. Ina neman izini in sake rubuto maka abin da suka gani.

'Yarka,
'Yar Mai Kemis