Murmushin da Likita Ya Riga Ni Gani

Ya sanyin idona, ya inuwar da nake gudu gare ta idan rana ta take, ya ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, matata,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, wanda ya zo bakin ƙofa ya kasa sallama. Yau kwananki tara a gidan Yaya, babbar 'yar'uwarki. Na kira wayarki har na daina ƙirgawa, ba ki ɗauka ba, kuma ban ga laifinki ba. Shi ya sa na share garin katako daga kan teburin shago na zauna rubutu, ni da ban saba da alƙalami ba sai fensirin da nake saƙalawa a kunne. Ki karanta har ƙarshe, don girman Allah, ko da bayan nan za ki yage.

Kin tuna yadda abin ya fara? Sai in yi miki magana ki ce, me ka ce? Ni kuwa in ce ai dama malaman makaranta ba sa jin muryar kowa sai tasu. Muna ta raha da abin har ranar da jiri ya kwashe ki a gaban allo, 'yan ajinki suka fita da gudu suna kuka. Aka ɗauki hoton kanki. Likitan tiyata ya zaunar da mu, ya nuna mana da bakin biro: ƙari ne kamar ƙwan tantabara, a gindin ƙoƙon kai, bayan kunnen hagu, ya danne jijiyar ji, ya kuma rungumi jijiyar da ke motsa fuska. Kika matse hannuna har farcenki ya bar shaida. Wayyo ni! A ranar ni kaɗai kika riƙe.

Awa tara aka yi ana miki aiki. Awa tara ina zaune a kan wani benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya, ina girgiza, bencin na girgiza. Da likitan ya fito, hularsa jiƙe da gumi, ya ce ya cire kusan duka, amma ya bar ɗan guntu kamar ƙwayar shinkafa, don ya manne da jijiyar fuska, in ya matsa sai ya kankare shi to fuskarki ba za ta sake motsi ba har abada. Na kama hannunsa da hannuwana biyu, na yi masa addu'ar da ban taɓa yi wa mahaifina ba. Wallahi a ranar na so mutumin nan. To yaushe godiya ta rikiɗe ta zama wannan wutar da ke cin ƙirjina?

Zan faɗa miki, ko da za ki yi mini dariya. Shekara goma sha shida muna tare, ina taƙamar babu wanda ya san ki kamar ni. Na san takunki a cikin takun mata ɗari. Na san irin shirun da kike yi in kin yi fushi da irin wanda kike yi in kina shirya tsokana. Sai ga wani mutum ya huda ƙashin bayan kunnenki, ya leƙa inda tunaninki yake kwana, ya ga abin da ni ba zan taɓa gani ba. Ni ma aikina huda da yanka ne, amma hannuna ƙofa yake yi da kujera, nasa kuwa rai ya maido mini. Ta ina kafinta zai yi gasa da wannan?

Kika farka kunnen hagu ya daina ji, rabin fuskarki ya kwanta kamar ganyen da rana ta buga. Idonki ba ya rufuwa, ni nake ɗiga miki magani sau biyar a yini. In kin sha shayi yana zuba ta gefe, ni nake riƙe miki tsumma, muna yi kamar ba mu gani ba. Ni na kafa miki madubi a bangon tsakar gida daidai tsayinki, ina tsaye bayanki kina ɗaga gira, kina hura kumatu, kina ƙoƙarin murmushi, ɓangare ɗaya na amsawa, ɗayan ya yi kunnen ƙashi. Na ƙare duk barkwancin da na sani. Har rawa na taka miki da guduma a hannu, ni da furfura a gemu!

Sannan suka sa ki cikin bincikensu, na mutanen da aka bar musu guntun ƙari, don a gano wane ne ke barci wane ne ke farkawa. Duk wata ki je a ɗauki fuskarki a bidiyo, duk wata shida ki shiga na'urar nan mai ƙara a duba guntun. Kika sa hannu kina murna, kika ce ko ba komai wata matar za ta amfana. Daga nan gidanmu ya cika da kalma biyu: Likita ya ce. Likita ya ce a rage gishiri. Likita ya ce a yi tafiya da safe. Ni na faɗi haka tun bara aka ce ina da surutu. In mun shiga ofishinsa sai in ga kin gyara zama kin juya masa kunnen dama, kunnen nan ɗaya tilo da ya rage mana, ni kuwa a bar ni ta gefen da ba a ji.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na wata na bakwai. Ɗakin ya cika da ɗalibai, aka ce in jira a waje. Can sai nas ta leƙo ta ce in shigo da sauri. Na tarar da kowa na tafi, likitan ya juyo mini da kwamfuta ya ce, «Malam, zo ka ga abin arziki.» Na duba. Ga ki nan a kan allo, gefen bakinki na hagu ya ɗan motsa, ya ɗaga, kamar jinjirin wata ya leƙo. Murmushinki! Wanda na yi wata bakwai ina roƙo a gaban madubi! Wai wani ɗan zance likitan ya yi game da tabaraunsa da ya ɓata alhali yana bisa goshinsa, shi ya sa ki murmushin. A kan wannan? Ni da na yi rawa da guduma? Na ce alhamdu lillahi da baki, zuciyata kuwa kamar an ja mata zarto. A ƙasan hoton ba sunanki aka rubuta ba, lambarki ce ta binciken: goma sha huɗu.

Sauran kin sani. Katin kiranki zuwa hoton nan na duk wata shida ya zo shago, na karanta, na buɗe durowa na tura shi ƙarƙashin samfefar goge katako. Ban ce zan hana ki har abada ba. Cewa na yi bari in samu wata guda da babu likitan a cikinsa. Ranar ta zo ta wuce, mako uku ina kallonki kina mamakin shirunsu. Sai nas ta kira lambar Yaya tana tambayar abin da ya hana ki zuwa. Kika zo shago da azahar, ba ki tambaye ni komai ba, kika bi durowa ɗaya bayan ɗaya har kika same shi. Kika kakkaɓe ƙurar, kika ce, «Kai ka yi wata bakwai kana ɗiga mini magani a ido, kuma kai ka ɓoye wannan?» Da ma zagina kika yi, da ya fi mini sauƙi.

Jiya da safe na je asibitin da ƙafata. Na jira har layi ya ƙare, na shiga na faɗa masa abin da na aikata, ban rage komai ba. Kin san me ya faru? Bai gane wadda nake nufi ba! Ya tambaye ni ta kunnen hagu ce ko ta dama. Sai da nas ta ɗauko fayil ta faɗi lambarki sannan ya ce, au, malamar nan. Ya cire tabarau, ya dube ni, bai ɗaga murya ba, ya ce guntun yana iya shekara ashirin bai motsa ba, yana kuma iya girma ba tare da kin ji komai ba, hoto ne kaɗai ke faɗa. Ashe da ranki na yi wasa, ba da shi ba.

Amma ki ji halin mijinki. Ina fitowa sai wani sabon haushi ya kama ni: ta yaya ɗan Adam zai ga wannan murmushin ya manta mai shi? Wace irin zuciya ce da shi? Na tsaya a bakin titi ina faɗa ni kaɗai, har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya. Yanzu ma kishin Yaya nake yi, ita ke ganin tashinki da zamanki. Ina kishin matashin kai da kike jingina da shi. Ina kishin wannan takarda, da za ta taɓa yatsunki kafin ni.

Ba zan yi miki ƙaryar na warke ba, ya kurciyata. Kishin nan da shi za a binne ni. Alkawarin da zan iya cikawa shi ne, daga yau ni kaɗai zai ci, ba zai sake kusantar lafiyarki ba.

Ga sabon katin da na karɓo jiya nan a cikin ambulan: Alhamis, ƙarfe goma na safe. Ki je. Ko kin yafe ko ba ki yafe ba, ki je. Zan kasance a bakin ƙofar asibiti tun tara. In kin zo da Yaya kin wuce ni kamar ba ki san ni ba, ba zan bi ki ba, ba zan ce uffan ba, zan tsaya a wurin har ki fito in karanta sakamakon a tafiyarki. In kuwa kin ga dama kin miƙo mini jakarki in riƙe miki, to kin gama mini komai a duniya.

Naki ne jiya, naki ne yau, naki har ranar da hannuna zai kasa ɗaga guduma, da bayan nan ma,

Mijinki mai baƙin kishi,
Kafinta.